Yadda zaka saita injin babur mai nozul ya ƙara ƙarfi ba tare da ya koma shan mai ba

Tambayar da aka fi yi min tunda babura masu nozul, wato masu fesa ma inji mai da lantarki maimakon kafireta, suka yi yawa ita ce wai ya za a yi mashin ya ƙara jan jiki kuma ya rage shan mai, kuma mai tambayar da kansa zaka ga gani yake kamar abu biyu ne da ba sa zama wuri ɗaya. Toh suna zama. A zamanin kafireta ne abin ke da wahala, saboda jet ɗaya da allura ɗaya su ke yanke maka hukuncin kusan duk tafiyar, ka gyara sama ka ɓata ƙasa. Mashin mai nozul ba haka yake ba, man da zai sha a rubuce yake cikin wani tebur a ƙwaƙwalwarsa, gida-gida, kuma gidan da kake ciki in ka murɗe totur har ƙarshe daban yake da gidan da kake ciki in kana tafiyarka a natse kan titi. Ƙarfi yana gidajen sama, tattalin mai yana na tsakiya da na ƙasa, kowanne ana taɓa shi shi kaɗai. Duk bayanin da zan yi a kan wannan ya ginu, da kuma abu ɗaya da bana sassautawa a kansa: kar ka canza lambar da baka auna ba.

Ƙwaƙwalwar nan ita ce ECU, wadda makanikai da yawa ke ce ma birenbos. Bata ganin iskar da ke shiga inji, lissafi take yi da abin da sensa-sensan jikin mashin suka faɗa mata. Akwai wanda ke gaya mata juyi nawa inji ke yi a minti da inda fistin yake, akwai TPS manne a jikin totur yana faɗin kashi nawa ka buɗe, akwai MAP mai auna matsin iska a bututun shiga, sai na zafin iska, na zafin inji, da na oksijin da ke jikin salansa. Ta haɗa duka ta duba teburinta ta ce ma nozul buɗe na tsawon kaza. Kuma tsawon nan milisakan ake magana, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Inji mai bugu huɗu in yana juyi 6,000 a minti, zagayensa ɗaya cikakke milisakan 20 ne kacal, a juyi 12,000 ya koma 10. Famfon mai shi kuma yana riƙe matsi wuri guda, a babura da yawa wajen psi 43 ne, don haka yawan man da ya shiga ya danganta ne da daɗewar da nozul ya yi a buɗe. Saiti dai ba wani abu bane illa canza wannan daɗewar, da kuma lokacin da fulogi zai ba da wuta, wato taimin.

Wani abu da ke rikita sababbi, babura da yawa tebur biyu gare su. In totur a ɗan buɗe yake ECU tana bin MAP da juyi, in ka buɗe sosai ta koma bin TPS da juyi. Shi ya sa mutum zai yini yana canza gidajen ƙasa na teburin TPS mashin ko gezau, ashe a wannan wurin ba shi ake karantawa ba.

Abin ba sabo bane fa. Kawasaki ta fito da Z1000 mai nozul tun 1980, Honda ta biyo da CX500 Turbo a 1982, BMW ta kawo K100 a 1983, Harley-Davidson kuma daga samfurin 2007 ta ajiye kafireta gaba ɗaya. Abin da ya kawo shi kan ƙananan babura dokar hayaƙi ce, irin Euro 5 a Turai da BS6 da Indiya ta fara a Afrilun 2020. Kuma wannan dokar ita ce dalilin da ya sa akwai abin gyarawa tun farko. Kamfani ba don ya cuce ka ya tsuke mai ba, dole ne mashin ya wuce gwajin hayaƙi da na ƙara, kuma saiti ɗaya zai yi ma dubban babura da zasu je ƙasa mai sanyi da mai zafi da mai tsauni, kowa da irin fetur ɗinsa. Kai naka guda ɗaya kake saitawa.

Fara da gyara, ba da laftof ba

Nan ne mutane ke gaggawa kuma nan nake so ka daɗe. An taɓa kawo min wani mashin yana fizga in an ɗan buɗe totur, sulo ɗinsa yana hawa yana sauka, mai shi har ya sayo akwatin saiti, na'urar da ake goyawa tsakanin ECU da nozul don canza yawan mai, ya ɗora ya ƙara mai iya son ransa, abin bai daina ba sai shan mai da ya ƙaru. Da muka cire tanki sai ga robar da ke haɗa totur da kan inji ta tsage ta ƙasa inda ido baya kai wa, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Roba ɗaya muka canza muka cire akwatin, mashin ya dawo hayyacinsa. Raina ya ɓaci ranar saboda mutumin ya kusan ƙona bawul a banza.

Don haka kafin komai ka auna gibin bawul da inji a sanyaye kamar yadda littafin mashin ɗinka ya ce, ka sa fulogi sabo irin lambar da kamfani ya rubuta, matatar iska ka wanke ko ka canza, ka duba robobin shigar iska ko akwai tsaga. Sa mita a layin mai kaga ko famfo yana kai matsinsa kuma yana riƙewa in an ba da wuta, don famfon da ya gaji a sulo lafiya lau yake nunawa, sai an hau sama yake kasawa, kuma can ne wurin da ƙarancin mai ke kashe inji. Batir ya nuna wajen bolt 12.6 in mashin a kashe yake, 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki, saboda nozul yana jinkirin buɗewa in wuta ta yi ƙasa. In silinda ta wuce ɗaya a daidaita bakunan totur ɗin su ja iska daidai da juna. Salansa kar ta zama tana fitar da iska ta gaskit. In fitilar gargaɗi ta FI ko ta inji tana kunne a karanta abin da take faɗa a gyara tukunna. Wallahi babura da yawa daga nan ma sun gama warkewa.

Lambobin da zaka riƙe

Fetur zalla yana ƙonewa tas ne in aka haɗa giram 14.7 na iska da giram 1 na mai, a nauyi ba a cika ba. Shi ne 14.7:1 da kake gani ko'ina. In lambar ta yi ƙasa, kamar 12.5, mai ya yi yawa kenan, ni jiƙaƙƙen haɗi nake ce masa. In ta hau sama kamar 15.5 mai ya yi kaɗan, busasshe kenan. Inji ya fi ba da ƙarfi in haɗin ya ɗan jiƙe, tsakanin 12.5 da 13.2, saboda a nan kusan duk oksijin ɗin da ya shiga yana samun man da zai ci, rarar man kuma tana sanyaya cikin silinda. Ni a totur buɗe har ƙarshe 13.0 nake nema ga inji mai ruwa, ga mai sanyaya da iska kuwa ina sauka wajen 12.6 zuwa 12.8 don shi bashi da wani abin da zai kwashe masa zafi in an tsaya. Ƙasa da 12 ba ƙarfi kake ƙarawa ba, mai kake zubarwa, fulogi ya yi baƙi, rarar fetur ta dinga wanke bangon silinda tana gangarawa cikin baƙin mai. A tafiyar natsuwa, totur kashi 5 zuwa 20, 14.7 ko ɗan ƙasa da shi kaɗan ya wadatar.

In fetur ɗin da kake sha akwai etanol kashi 10 a ciki, ainihin lambarsa wajen 14.1 ce. Wannan kar ya tayar maka da hankali, abin da na'urar awo ke gani a zahiri shi ne lamda, inda 1.00 ke nufin ƙonewa tas ko wane irin mai ne, sai ta ninka da 14.7 ta nuna maka. Wato 13.0 a allon lamda 0.88 ne, ka ci gaba da bin lambobin nan yadda suke.

Yanzu da me za a auna. Sensan oksijin da ya zo da yawancin babura ƙaramin sani gare shi, wutarsa tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 tana tsallakewa a wajen 0.45, abin da ya iya faɗa kawai shine an wuce 14.7 ko ba a kai ba. Bai san bambancin 13 da 11 ba. Abin da kake buƙata shine sensa mai faɗin awo, wanda aka fi amfani da shi Bosch LSU 4.9, da na'urar da ke karanta shi irin ta AEM ko Innovate, kuma ka samu wadda ke iya ajiye bayani tare da juyi da TPS. Ana walda masa mazauni mai zaren M18x1.5 a bututun salansa kafin a kai ga tukunyar tace hayaƙi, a karkata shi aƙalla digiri 10 sama da kwance don ruwan da ke taruwa a bututu da safe kar ya kwanta masa a baki ya fasa shi. Kar ka cusa shi a bakin salansa na waje kawai ka yarda da lambar sulo, iskar waje na komawa ciki.

Sai kuma abin da ya yaudari mutane ba adadi. Babura da yawa suna da wani bawul da ke tura iska mai tsabta cikin bakin salansa don ƙona ragowar mai, Honda da Suzuki PAIR suke kiransa, Yamaha AIS. In baka toshe shi lokacin awo ba, sensa zai ga wannan iskar ya ce maka haɗin ya bushe, kai kuma ka hau ƙara mai alhali cikin silinda ya riga ya ishe shi. Toshe bututun kafin ka fara, in ka gama ka buɗe.

Da me za a canza teburin

Hanya uku ce. Akwai akwatin da ake goyawa tsakanin ECU da nozul, irin Power Commander na Dynojet ko Rapid Bike, shi baya taɓa ƙwaƙwalwar, saƙon da ta aika yake tarewa ya ƙara ko ya rage kashi kaza. Daɗinsa in ka cire shi mashin ya koma yadda ya zo. Akwai sake rubuta ECU ɗin kanta, da manhaja irin Woolich Racing ga baburan Japan, TuneECU ga wasu Triumph da KTM da Aprilia, Power Vision ga Harley. Wannan ya fi zurfi, zaka ga teburin taimin, iyakar juyi, zafin da fanka ke tashi, har da yadda totur na biyu da ECU ke sarrafawa ko totur mai lantarki ke buɗewa, irin wanda Yamaha ta sa a R6 ta 2006, inda hannunka roƙo kawai yake yi kwamfuta ce ke buɗe iskar. Na uku shine cire ECU ɗin a sa wata daban, kamar aRacer a ƙananan babura ko MoTeC a na tsere, wannan sai wanda ya canza kam, sandar da ke buɗe bawul, ko ya faɗaɗa silinda. Ga wanda salansa da matatar iska kawai ya canza, na farko ko na biyu ya isa. Ka sani dai taɓa ECU yana iya kashe garantin kamfani, kuma ƙasashe da yawa sun hana cire tukunyar tace hayaƙi a mashin da ke hawa titi, ni ma bana ba da shawarar cire ta, ƙarfin da take ci kaɗan ne in aka kwatanta da gubar da take tarewa.

Aikin kansa

Kafin ka rubuta komai ka kwafi fayil ɗin asali ka ajiye a wuri biyu. Ka jona caja a batir lokacin rubutu, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa ECU na iya mutuwa murus. Sannan ka bar inji ya yi zafin aikinsa sosai, don in yana sanyi ECU ƙara mai take yi da kanta, duk abin da ka auna a lokacin ba gaskiyar tebur bane.

Ka fara ɗaukar awo ba tare da ka canza komai ba. Mafi kyau a kan daino, injin gwaji mai nadi da ake ɗaure mashin a kai, musamman irin mai birki da zai iya riƙe inji a juyi ɗaya kana buɗe totur mataki-mataki, 10, 20, 40, 60, 80, 100, kana ganin kowane gida shi kaɗai. In babu daino to filin tsere ko rufaffiyar hanya, kuma dan Allah kar ka dinga kallon allo kana gudu, bar na'urar ta ajiye bayanin ka duba in ka sauka. Ja ɗaya a giya ta uku ko ta huɗu daga juyi ƙasa har kusa da jan layi, ka maimaita sau uku don ka tabbata lambar ba tsautsayi bace.

Lissafin gyaran mai sauƙi ne. Raba abin da ka auna da abin da kake so. A ce a juyi 7,000 totur a buɗe duka ka ga 14.0, kai kuma 13.0 kake nema, 14 a raba da 13 ya ba da 1.077, wato ka ƙara mai kashi 7 zuwa 8 a wannan gidan. In 12.2 ka gani, 12.2 a raba da 13 ya ba da 0.94, ka rage kashi 6. Ni bana zuba gyaran gaba ɗaya a tashi guda in ragewa ne, rabi nake yi in sake aunawa, saboda kuskuren yawan mai fulogi kawai zai ɓata maka, kuskuren ƙarancinsa a sama kuwa fistin yake hudawa. Kuma ka dinga kallon maƙwabtan gidan, in wannan ka ƙara masa 8 na kusa da shi yana sifili na gaba yana 9, akwai matsala a awon, tebur mai kyau a hankali yake hawa yana sauka kamar tudu, ECU tana ɗebo lamba ne daga gidaje huɗun da ke kewaye da inda kake, tsalle a tebur shine fizga a hannu.

In silinda biyu ne masu siffar V kowacce a auna ta daban, ta baya bata samun iska kamar ta gaba kuma bututunta ma ba tsawo ɗaya ba, kusan kullum abin da suke so ya bambanta. Ka kuma sa ido kan kason lokacin da nozul ke yi a buɗe, in ya haura kashi 85 a can sama to ya kusa ƙurewa, duk lambar da ka rubuta bayan nan ba zata zama mai ba, sai dai a sa nozul mafi girma a sake tebur daga farko.

Akwai abu biyu da zaka gani a bayanan da bai kamata ka bi su da gyara a babban tebur ba. In ka fizgi totur farat ɗaya lambar zata yi tsalle ta bushe na ɗan ƙiftawar ido, saboda iska ta riga mai shiga, wannan yana da nasa teburin na ƙarin mai lokacin fizga, can ake gyara shi. Sai in ka saki totur gaba ɗaya kana gangarawa, lambar ta tafi 20 ko sama, wannan ECU ce ta yanke mai da gangan kuma tattali ne a gare ka. Tas-tas ɗin da salansa ke yi a lokacin yawanci iska ce ke shiga ta gaskit ko ta PAIR tana haɗuwa da ragowar mai. Wasu suna kashe yanke man don totur ya yi laushi in an dawo da shi a kwana, yana yi kuwa, amma ka san da cewa da mai ka biya.

A gidajen ƙasa kuma, sulo da tafiyar natsuwa, ECU tana sauraron sensan oksijin ɗinta tana gyara kanta zuwa 14.7, don haka in ka ƙara mai a nan zata bi a hankali ta janye shi, ka yi kwana biyu kaga mashin ya koma yadda yake. Mutane sai su cire sensan su jona abin da zai yaudari ECU ta zaci sensan yana nan. In burinka har da tattalin mai ne, bar shi. Wannan yankin shine inda kake yin mafi yawan tafiyarka, kuma sensan nan shi ke daidaita maka canjin fetur da na yanayi kyauta. Inda kawai nake taɓawa shine bakin iyaka, wurin da ECU ke sakin sensa ta koma tebur zalla, in sa lambar ta gangara daga 14.7 zuwa 13.8 zuwa 13.2 a hankali yadda hannu ba zai ji gaɓar ba. In mashin yana ɗan rawa a ƙananan totur har yana damunka, manhajar da ke barin a canza abin da ake nema a yankin zuwa wajen 14.2 ta fi cire sensa nesa ba kusa ba.

Taimin

Wannan shine wuƙa mai baki biyu, kuma sai mai ya zauna ake zuwa gare shi. Fulogi yana ba da wuta ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, don ƙonewar tana ɗaukar lokaci, ana so matsin ya kai ƙarshensa wajen digiri 15 bayan fistin ya fara sauka. In wutar ta makara zafi ya tafi salansa a banza, in ta yi sammako da yawa matsi ya tari fistin yana hawa, ragowar haɗin ya fashe da kansa, ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ke fasa ringi ta cinye gefen fistin, kuma da hular kwano da ƙarar salansa ba lallai ka ji ta ba, babura da yawa kuma basu da sensan da ke jin ta. Shi ya sa taimin a totur buɗe bana yarda a taɓa shi sai kan daino. Ka ƙara digiri 1 ko 2, ka ja, in ƙarfi ya ƙaru ka sake, ranar da ka ƙara bai motsa ba ka koma baya digiri 2 ka tsaya nan. Kuma ka saita da fetur mafi ƙarancin oktan, wato juriyar mai ga wannan fashewar, da ka san zaka iya sha wata rana, a rana mai zafi, ba da mafi kyau ba.

A ƙananan totur kuwa ɗan ƙarin taimin yana taimakon tattali sosai, saboda haɗin da ke silinda kaɗan ne kuma a hankali yake ci, in aka kunna shi da wuri sai ka samu gudun da kake so da totur ƙasa da na da.

Dabarun araha da ke yawo

Akwai masu sa resista a wayar sensan zafin iska don ECU ta zaci sanyi ake ta ƙara mai. Tana ƙarawa, amma ko'ina take ƙarawa, har inda ya riga ya jiƙe. Akwai masu ɗaga matsin famfo, shi kuma mai baya bin matsi kai tsaye, in ka ɗaga matsin da kashi ɗaya cikin uku man da ke fita wajen kashi 15 ne zai ƙaru, shima a kowane gida. Sai masu sauke tebur daga intanet na wani mashin da ke da wata salansa a wata ƙasa, wannan a matsayin mafari ba laifi, amma sai an auna. Kuma gaskiya in injinka yadda ya zo yake, kar ka sa rai da ƙarin ƙarfi mai yawa, abin da zaka fi ji shine totur ya yi santsi, ramin da ke tsakiyar juyi ya cike, zafi ya ragu.

Bushe haɗi ya wuce 15.5 don neman tattali ma bana so a babur. Abin da zaka rage kaɗan ne, mashin ya fara rawa, tukunyar tace hayaƙi ta kasa aikinta tunda ita a 14.7 take aiki.

Inda sauran man yake tafiya

Ragowar tattalin baya cikin ECU. Turjiyar iska tana ninkuwa ne da gudu sau gudu, daga kilomita 80 zuwa 120 a awa turjiyar ta ninka sau 2.25, ƙarfin da ake buƙata don keta ta ya haura ninki 3, babu teburin da zai goge wannan. Taya mara iska, sarƙa busasshiya ko wadda aka ɗaure tamau, birki mai kamawa, duk mai suke ci. Haƙoran sarƙa ma abin dubawa ne, in kana da 15 a gaba 45 a baya ka koma 16 a gaba, juyin inji zai sauka da wajen kashi 6 a gudu ɗaya, doguwar tafiya ta yi sauƙi amma tashi ya ɗan yi nauyi, in injin ƙarami ne ma yana iya sa ka dinga buɗe totur fiye da da ka tashi a tutar babu. Ka lura in mitar gudunka daga giya take karantawa, canza haƙori zai sa ta yi ƙarya, har da kilomitan da take ƙirgawa, sai ka gwada da GPS.

Awon shan mai kuma ba da allurar tanki ake yi ba. Cika tanki zuwa wata alama da ka sani, mashin a tsaye daidai, ka mayar da mitar tafiya sifili, in ka dawo ka sake cikawa zuwa alamar nan, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Tanki uku kafin saiti, tanki uku bayansa, a irin hanya ɗaya, don kwanakin farko bayan saiti kowa hannunsa nauyi yake yi yana jin daɗin totur, in ka yi hukunci da tankin farko zaka zargi tebur a banza.

Kar ka cire sensan awon ranar da ka gama. Bar shi sati ɗaya ko biyu kana ɗaukar bayani da safe inji a sanyi, da tsakar rana cikin cunkoso, da kan hawa da kaya. Iska tana rage nauyi da wajen kashi 3 duk ƙarin digiri 10 na zafi, a kan tsauni ma haka take sirancewa, ECU tana da gyaranta na wannan amma kana so ka gani da idonka cewa 13.0 ɗinka tana nan a 13.0. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ka kwance fulogi ka duba farin jikinsa da fitila, in ka ga ɗige-ɗige kamar an watsa masa toka ko ƙyallin ƙarfe to inji yana ƙwanƙwasa, wato yana waccan ƙarar tsakuwa a gwangwani, a wani wuri, ka janye taimin digiri 2 a gidajen sama nan take ka koma daino. In tsaf yake, ka cire sensan ka toshe mazaunin da noti, ka buɗe bututun PAIR, fayil ɗin kuma ka rubuta masa kwanan wata da irin salansa da matatar iskar da aka saita da su, don ranar da ka canza ɗaya daga cikinsu sai an sake awo.